Maki 9.7: Yadda wani kundin waƙoƙi mai suna Jana'iza ya fito da Arcade Fire daga lungun Montreal

A watan Satumba na 2004 wani ƙaramin kamfanin faifai da ke jihar North Carolina ta Amurka, mai suna Merge, ya shiga irin matsalar da kowane ɗan kasuwa yake addu'ar samu: kaya sun ƙare, masu saye kuma ba su daina zuwa ba. Kayan shi ne kundin waƙoƙi na farko na wasu matasa daga birnin Montreal na Kanada, waɗanda suke kiran kansu Arcade Fire. Sunan kundin Funeral, wato jana'iza. Ya fito ranar 14 ga wata, waƙoƙi goma ne, tsawonsa kamar minti 48. Babu gidan rediyo babba da ke sa shi, babu talla a talbijin. Abin da ya kwashe shi daga shaguna sharhi ɗaya ne da aka wallafa a intanet, da wata lamba da aka liƙa a kansa.

Kafin a zo kan lambar, sai an warware kalmar indi, sunan da ake ba irin kiɗansu, domin nan ne mutane da yawa suke ɓata. Asalinta guntuwar kalmar Turanci ce mai nufin cin gashin kai. A kasuwar kiɗa ta Turai da Amurka akwai manyan kamfanoni ƴan ƙalilan da suka riƙe kusan komai, daga kuɗin sitidiyo zuwa hanyar shiga rediyo da rarraba faifai. Duk mawaƙin da ya yi aikinsa a wajen inuwarsu, da ƙaramin kamfani ko da kuɗin aljihunsa, shi ne ɗan indi. Da tafiya ta yi tafiya sai kalmar ta koma sunan salo, kiɗan jita da ganga wanda ba a goge shi ya yi sheƙi ba, har ana samun waɗanda ke ƙarƙashin manyan kamfanoni amma ana ce musu indi saboda amon kiɗansu. Arcade Fire a 2004 indi ne ta kowace fuska. Merge kansa mawaƙa biyu ne suka kafa shi a 1989, Mac McCaughan da Laura Ballance na ƙungiyar Superchunk, don su fitar da waƙoƙinsu da na abokansu.

Su kuwa waɗannan matasa ba su yi kama da ƙungiyar rok da aka saba gani ba, mai mutum huɗu, kowa da kayan kiɗansa guda. Taro ne. A tsakiya akwai Win Butler, wanda ya tashi a kusa da Houston ta jihar Texas, ya zo Montreal karatu a jami'ar McGill, da Régine Chassagne, wadda iyayenta ƴan Haiti ne da suka gudo Kanada a zamanin mulkin François Duvalier. Sun yi aure a 2003. Kewaye da su akwai ƙanen Win mai suna William, da Richard Reed Parry, da Tim Kingsbury, da Howard Bilerman a kan ganga, sai masu gogen Turawa irin su Sarah Neufeld da Owen Pallett. A kan dandamali ba wanda ya zauna a kan kayan kiɗa ɗaya. Waƙa ta ƙare, wannan ya miƙa wa wancan jita ya karɓi akodiyon, wancan ya bar fiyano ya koma ganga. Wani lokaci William da Parry sukan sa hular kwano irin ta masu babur, su riƙa buga ta da sandar kiɗa. Kuma idan aka zo amshi, duk wanda ke da baki a wurin sai ya buɗe shi, ko da lasifika a gabansa ko babu.

Montreal ta wancan lokaci ta taimaka wa irin wannan tari. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1995, wadda lardin Quebec ya kusa ɓallewa daga Kanada, tattalin arzikin birnin ya yi sanyi, kuɗin haya ya yi araha. Matashi yana iya yin ɗan aikin rabin rana ya biya ɗaki, sauran lokacin ya ba kiɗa. A unguwar Mile End akwai sitidiyon Hotel2Tango, wanda Bilerman yake cikin masu gudanar da shi, kuma nan aka naɗi Funeral tsakanin watan Agusta na 2003 da farkon 2004, a kan kuɗin da ake ƙiyasta bai wuce dala dubu goma ba. A wajen manyan kamfanoni wannan kuɗin bai kai na bidiyon waƙa ɗaya ba.

Sunan kundin ya samo asali ne daga rashe-rashen da suka faɗo wa ƙungiyar a lokacin aikin. Kakar Régine ta rasu a watan Yuni na 2003. Kakan su Win, Alvino Rey, wanda shi ma fitaccen makaɗi ne a zamaninsa, ya rasu a Fabrairun 2004. Wata ƴar'uwar iyayen Parry ta bi a watan Afrilu. Takardar da ke cikin kwalin faifan ma an tsara ta ne kamar takardar da Turawa ke raba wa masu halartar jana'iza a coci.

Wannan labari ya yi wa kundin amfani, ya kuma ɗan rufe shi. Ɗan jarida yana son abin da zai riƙe, kuma mutuwa uku a wata goma abin riƙewa ne. Sai kusan kowane sharhi ya fara daga nan. Amma wanda ya zauna ya saurari waƙoƙin zai tarar cewa yawancinsu a kan ƙuruciya suke da unguwa da iyaye. Huɗu daga ciki suna ɗauke da suna ɗaya, Neighborhood, wato unguwa, an bambanta su da lamba. Ta farko labarin yaro ne da yarinya a garin da ƙanƙara ta binne, suna haƙa rami daga taga zuwa taga, har su manta da sunayen da suka sani. Ta uku, Power Out, ta samo tushe daga guguwar ƙanƙara ta watan Janairun 1998, wadda ta karya turakun lantarki ta bar miliyoyin mutane a duhu a gabashin Kanada, wasu har makonni. Wanda ya saba da ɗauke wuta zai iya yin murmushi, sai ya tuna cewa a can wutar ita ce ɗumin ɗaki, kuma a tsakiyar hunturu ne. Waƙar Haiti, wadda Régine ta rera da Faransanci da Turanci, kiɗanta mai daɗi ne kamar na rawa, kalmominta kuwa a kan waɗanda aka kashe ne a ƙasar iyayenta. Ta ƙarshe, In the Backseat, ita ce ta fi kusa da makoki na zahiri: mace a kujerar baya ta mota, ta saba wani ya tuƙa ta, yanzu babu mai tuƙin.

Yadda aka rera su ne ya bambanta kundin. Shekarun da suka gabace shi, salon da ke tashe a kiɗan indi shi ne na birnin New York, irin na The Strokes da Interpol: a tsaya a dake, a rera kamar ba a damu ba, kada a bari kowa ya ga abin da ke zuciya. Nuna damuwa a fili ƙauyanci ne a wannan da'ira. Sai ga wasu mutane sanye da baƙaƙen kaya kamar masu zuwa ta'aziyya, suna ihu da dukan ƙarfinsu. Muryar Win Butler tana rawa, tana kusan tsinkewa idan ta hau sama, ba a gyara ta ba. Kusan kowace waƙa tana farawa a hankali, ganga na tafiya da bugu ɗaya ba sauyi, goge ya shigo, fiyano ya shigo, har a kai inda komai ke fashewa lokaci guda. A Wake Up amshin ma ba kalma a ciki, dogon sauti ne kawai da kowa zai iya bi ko bai ji Turanci ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a cikin taro ana amsa waƙa da murya ɗaya ya san abin da hakan ke yi wa jiki. Sabo ne kawai a wajen masu sauraron da aka yi shekaru ana koya musu su naɗe hannu su kalla.

To, lambar.

Pitchfork shafin intanet ne na sharhin waƙoƙi wanda Ryan Schreiber ya fara a tsakiyar shekarun 1990 yana matashi a Minneapolis, daga baya ya koma Chicago. Abin da ya sa ya yi fice shi ne ma'auninsa. Mujallu irin su Rolling Stone taurari suke bayarwa, daga ɗaya zuwa biyar, kuma yawancin kundaye a uku ko uku da rabi suke tsayawa, abin da ba ya gaya wa mai karatu komai. Pitchfork daga 0.0 zuwa 10.0 yake aunawa, har da ɗigo, wato matakai ɗari da ɗaya. Babu wani ilimi da zai raba 7.8 da 8.1, amma ɗigon yana sa abin ya yi kama da sakamakon awo, kuma yana ba mutane abin musu. A makon da Funeral ya fito, marubuci David Moore ya yi masa sharhi a shafin, aka ba shi 9.7. Irin wannan maki ga kundin farko na ƙungiyar da ba a sani ba abu ne da ba kasafai ake gani ba.

Sai a tuna yadda duniyar take a lokacin. YouTube bai zo ba sai 2005. Facebook bai cika shekara ba, ɗaliban jami'a kaɗai ke shiga. Babu Spotify. Amma saukar da waƙa daga intanet ya riga ya zama ruwan dare tun zamanin Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta, kuma akwai ɗimbin ƙananan shafuka da masoya kiɗa ke ɗora waƙa ɗaya-ɗaya suna yabawa. Wato mutum yana iya samun kusan kowace waƙa, abin da ba shi da shi shi ne mai gaya masa wacce zai nema. Wannan gurbi Pitchfork ya cike. Masu shagunan faifai suna duba shi kafin su yi oda, masu gidajen rediyon jami'o'i suna duba shi kafin su tsara shiri, ƴan jaridar manyan jaridu suna duba shi don kada a bar su a baya. Maki ɗaya yana bi ta waɗannan hanyoyi uku a rana guda.

Don a ga ƙarfin abin ta ɗaya ɓangaren, a cikin watan nan na Satumba shafin ya ba wa kundin Travis Morrison, tsohon jagoran ƙungiyar The Dismemberment Plan wadda shafin ya daɗe yana yabo, maki 0.0. Kundin bai tashi ba, kuma sunan mutumin ya daɗe yana tafiya tare da wannan sifili.

Daga nan labarin Arcade Fire ya yi gudu. Wasanninsu a ƙananan wurare suka riƙa cika, ana mayar da su manyan zauruka. Funeral ya zama kundin Merge na farko da ya shiga jerin kundaye 200 mafi kasuwa a Amurka na mujallar Billboard. Pitchfork ya zaɓe shi gwarzon 2004. A Fabrairun 2005 kamfanin Rough Trade ya fitar da shi a Birtaniya, jaridun can suka sake sabon yabo. Mujallar Time bugun Kanada ta sa su a bango. A Satumban 2005 David Bowie ya hau dandamali tare da su a New York suka rera Wake Up, ƙungiyar U2 kuma ta riƙa sa waƙar kafin ta fito a rangadinta na wannan shekara. An sa kundin a takarar Grammy, babbar lambar yabo ta kiɗa a Amurka, ta 2006, The White Stripes suka ci. A shafin Metacritic, mai tara makin masu sharhi ya fitar da matsakaici, yana da 90 cikin 100.

Tambayar da aka shekara ashirin ana jayayya a kai ita ce wa ya yi wa wani rana. Masu cewa Pitchfork ne ya ƙirƙiri Arcade Fire suna nuna kwanan wata: kafin sharhin ba kowa, bayan sharhin kowa. Ni ban gamsu da wannan ba, kuma hujjata tana cikin abin da ya biyo baya. A 2005 shafin ya ba Clap Your Hands Say Yeah maki 9.0, su ma aka yi ta rububinsu, amma zuwa kundi na biyu kasuwar ta watse. An yi irin wannan da wasu ƙungiyoyi da dama a shekarun nan. Maki yana iya kawo mutum ƙofar zaure sau ɗaya. Abin da ya sa waɗanda suka je kallon Arcade Fire suka koma gida suna kiran abokai shi ne wasan kansa, inda mawaƙan kan sauko daga dandamali a ƙarshe su ratsa cikin jama'a suna kiɗa. Hasali ma ana iya juya maganar. Kafin 2004 Pitchfork shafi ne na ƴan tsiraru masu ƙwaƙwa. Funeral ne hujjarsa ta farko a gaban manyan jaridu cewa idan ya nuna abu, abin yana sayuwa. Hannu ya wanke hannu.

Ba kowa ne ya tafa ba. Tun da wuri akwai masu ganin cewa abin ya yi yawa: kowace waƙa sai ta zama tashin alƙiyama, ba wurin numfasawa, kuma matasa ƴan jami'a suna kururuwa kamar su aka fara yi wa mutuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Dabarar farawa a hankali a ƙare da fashewa, idan aka ji ta sau shida a zama ɗaya, kunne yana gane ta tun kafin ta iso, kuma waƙa kamar Crown of Love tana tafiya a kan siririn layi tsakanin taɓa zuciya da wasan kwaikwayo. Suka mafi nauyi ta zo a 2007, lokacin da Sasha Frere-Jones ya yi rubutu a mujallar The New Yorker, ya buɗe da wasan Arcade Fire da ya kalla, ya yi ƙorafin cewa kiɗan indi ya yanke jijiyarsa da kiɗan baƙaƙen fatar Amurka wanda rok ya fito daga cikinsa, babu lanƙwasa a bugun, babu sarari tsakanin sauti da sauti. An yi masa raddi sosai, wasu suka tuna masa asalin Régine. Amma game da bugun gangar Funeral bai yi ƙarya ba, a miƙe yake kamar faretin soja. Sai a kundinsu na 2013, Reflektor, ƙungiyar ta shigo da makaɗan Haiti da amonsu a fili.

Akwai kuma laifin da ake ɗora wa kundin wanda ba shi ya aikata ba. Amshin nan marar kalma ya zama samfuri. Cikin ƴan shekaru ƙungiyoyi masu tafi da buga ƙafa da dogon "o-o-o" suka cika rediyo da tallace-tallace, ana yawan ambaton Mumford & Sons da The Lumineers a wannan layi. Abin da a 2004 ya yi kama da kukan mutanen da aka yi wa rashi, zuwa 2012 ya koma kiɗan sayar da mota. Mai sauraron da ya fara jin kwaikwayon kafin ya ji asalin zai yi wuya ya gane abin da ya girgiza mutane. Su kansu Arcade Fire sun ba da Wake Up don tallan gasar Super Bowl ta 2010, wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, suka mayar da kuɗin ga aikin agaji a Haiti bayan girgizar ƙasar watan Janairun shekarar.

Wani abin lura shi ne yadda matsayin kundin ke hawa da sauka alhali ko ɗigo ba a canza a cikinsa ba. A 2009 Pitchfork ya sa shi na biyu a cikin kundaye 200 na shekaru goman farko na ƙarnin, Kid A na Radiohead kaɗai ke gabansa. A jerin kundaye 500 mafi girma na Rolling Stone bugun 2012 yana lamba 151. Da aka sake jerin a 2020, bayan an faɗaɗa masu zaɓen an shigo da ƙarin mata da matasa da mutanen hip-hop, sai ya koma lamba 500, na ƙarshe a layi. Abin da wannan ke aunawa shi ne waɗanda ke zaune a ɗakin zaɓe da abin da suka tashi suna ji. A 2004 masu sharhin da ake jin maganarsu yawancinsu samari ne farare ƴan jami'a, kuma Funeral da su yake magana kai tsaye.

Ƙungiyar ta ci gaba da hawa na wani lokaci. Kundi na biyu a 2007 ya kai lamba biyu a Amurka, na uku, The Suburbs, ya hau lamba ɗaya a 2010, kuma a Fabrairun 2011 ya ci Grammy na gwarzon kundi, ya kayar da Eminem da Lady Gaga da Katy Perry, har Amurkawa da yawa suka cika intanet da tambayar su wane ne waɗannan. Duk a ƙarƙashin Merge. A shekarar ne kuma Funeral ya cika kwafi dubu ɗari biyar a Amurka, shekara bakwai bayan fitowarsa, wanda ke nuna cewa a hankali ya yi ta sayuwa bayan hayaniyar ta lafa.

Dangantakarsu da shafin da ya buɗe musu ƙofa ba ta ƙare da daɗi ba. Kundinsu na 2017 maki 5.6 ya samu. A watan Agusta na 2022 Pitchfork ɗin ne ya wallafa rahoton da mutum huɗu suka zargi Win Butler da cin zarafi ta fuskar jima'i. Ya musanta, ya ce duk abin da ya faru da yardar juna ne. Tun daga nan da yawa daga waɗanda suka girma da Funeral suke cewa sauraronsa ya yi musu nauyi, domin kundi ne da ya nemi a yarda da gaskiyar zuciyar mai rera shi. William ya riga ya bar ƙungiyar kafin lokacin. Shi kuwa shafin, kamfanin Condé Nast ya saye shi a 2015, a Janairun 2024 kuma aka sanar da haɗe shi da mujallar GQ, aka sallami ma'aikata da dama. Har yanzu yana ba da maki da ɗigo, sai dai yawancin masu sauraro yanzu manhajar waya ce ke zaɓa musu waƙar da za ta biyo baya, kafin ma su san sunan mai ita.